Duba Cikin Kifi Ba da Wuƙa Ba



Mun sani akwai waɗanda suka karanta kan wannan lacca a allon sanarwa suka yi dariya. Suka ce, mutane na wuni bisa layi a asibiti suna jiran a ɗauke su hoto, su kuwa waɗannan yara kifi za su kai? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma za mu amsa ta kafin mu sauka. Amma tukuna muna roƙonku ku biyo mu zuwa bakin ruwa.

Duk wanda ya bi hanyar da ta fita daga Sakkwato ta nufi Jega ya ratsa Boɗinga, ya ratsa Shagari. Masu tarihi sun san ƙasar Boɗinga da Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Masu siyasa sun san Shagari da Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Mu kuwa abin da ya kai mu can ruwa ne da kifi. A madatsar ruwa ta Shagari akwai masunta masu koma da ƙugiya, waɗanda ke cin abin da ruwa ya ba su. Bayan su kuma akwai wani sabon jinsi na masu kifi da ya bazu ko'ina cikin ƙasar nan, watau masu kiwo a kududdufin siminti ko na tamfol a bayan gida. Da yawansu irinmu ne: wanda ya gama bautar ƙasa bai sami aiki ba, ko ƙaramin ma'aikaci da ya ɗauki adashe ko rancen ofis ya zuba a ruwa. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta sha ambata sun nuna ƙasar nan na bukatar kifi kamar tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da muke samarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Duk da haka babu ƙasar da ta kai Nijeriya kiwon tarwaɗa a Afirka. Ashe ke nan maganar tarwaɗa maganar abinci ce da aikin yi.

To, ga inda mai kifi ya bambanta da sauran makiyaya. Mai rago yakan dafa bayan ragonsa ya san kitsensa, ya buɗe bakinsa ya san shekarunsa. Bafulatani ya dubi tafiyar saniya ya san tana da ciki. Mai kifi fa? Dukiyarsa tana ƙarƙashin koren ruwa, ba ya ganin komai sai baki da gashin baki lokacin da ya watsa abinci. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma. Shi yana ganinmu, mu ba mu ganinsa. In muna son mu san abin da ke cikinsa, hanya ɗaya muka gada, ita ce wuƙa. Kifin da aka farke kuwa ya tashi daga dukiya ya koma miya.

Babu inda wannan ya fi ciwo kamar wurin ƙyanƙyasa. A daji, tarwaɗa takan yi ƙwai da damina, sa'ad da ruwa ya cika ya malala cikin fadama. A kududdufi kuwa ba ta yi da kanta, sai an taimaka mata. Mai ƙyanƙyasa yakan zaɓi mace mai taushin ciki, ya yi mata allura, ko dai ta maganin kanti irin su Ovaprim, rabin mililita ga kowane kilo na nauyinta, ko kuwa ta wata 'yar tsoka da ake cirowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwar wata tarwaɗar a niƙa. Bayan awa goma zuwa goma sha biyu, gwargwadon ɗumin ruwa, sai a tatse ƙwan cikin kwano. Mace guda takan ba da ƙwai dubu-dubai, domin a giram ɗaya kaɗai ana samun kamar ƙwai 600. Wannan duk da sauƙi. Wahalar tana ga namiji. Shi namijin tarwaɗa ba ya tatsuwa, saboda yadda aka halicci marainansa can ciki da kuma 'yan jakunkuna masu kama da yatsu da suka kewaye hanyar da ruwan ke fitowa. Saboda haka abin da aka saba shi ne a kashe shi, a farke cikinsa, a ciro marainan a matse bisa ƙwan.

Ku dubi halin da mutumin nan yake ciki. Ya ciyar da namijin nan shekara guda ko fiye. Ya riga ya yi wa mace allura tun daren jiya, kuma ƙwan da ya nuna ba ya jira, in lokacinsa ya wuce ya lalace. Ya kashe namiji ya duba, sai ya tarar marainan sirara ne, babu farin ruwa mai kauri a ciki. Tilas ya kashe na biyu. Wani lokaci har na uku. Abin da ya fi ba da takaici kuwa, wanda ake fara kashewa shi ne mafi girma da kyau, watau wanda ya kamata a ce irinsa ne ya daɗe a gonar. Ita ma macen, kumburin ciki ba kullum ne ƙwai ba. Yana iya zama kitse, ko abincin da ba ta narkar ba. Mu nan ƙasar Sakkwato muna da ƙarin matsala, domin in hunturu ya kama ruwa ya yi sanyi, ƙwan tarwaɗa yakan ja baya, mai ƙyanƙyasa ya yi ta ɓarnar allura a kan matan da ba su shirya ba.

A nan ne na'urar sikanin take shigowa, ita dai wadda ake duba mata masu juna biyu da ita. Wani likita a Gilasgo ta ƙasar Sikotland, Ian Donald, shi da abokan aikinsa suka bayyana amfaninta a asibiti a 1958. Aikinta kamar amsa-kuwwa ne. Tana aika sauti mai kaifin da kunne ba ya ji, sautin ya bugi abin da ke ciki ya dawo, ita kuma ta zana hoto daga abin da ya dawo. Abin sha'awa shi ne kifi ya fi mutum dacewa da ita. Sauti na tafiyar mita 340 cikin daƙiƙa a iska, amma a ruwa yana yin kusan mita 1,500, kuma iska ce babbar abokiyar gabar na'urar. Shi ya sa ake shafa wa mace mai ciki wannan mai mai santsi, don a kore iskar da ke tsakanin fata da bakin na'ura. Kifi kuwa a cikin ruwa yake, ba ya bukatar mai. Bugu da ƙari tarwaɗa ba ta da ɓawo a jiki, fatarta sumul take, sauti ya ratsa ba tare da wani shamaki ba. A sa ta cikin baho, a ɗiga man kanumfari kaɗan a ruwan (i, kanumfarin da iyayenmu ke sa wa kunu, yana sa kifi barci na ɗan lokaci), a juya ta rigingine, a goga bakin na'urar bisa cikinta. Cikin 'yan mintuna an ga girman jakar ƙwai, an ga ko ta cika, an mai da ta ruwa mai kyau ta farfaɗo.

Wannan ba mafarki ba ne. Masu kiwon wani babban kifi a Turai da Asiya da Amurka, wanda ƙwansa ake kira kabiya kuma ya fi naman tsada nesa ba kusa ba, da sikanin suke rarrabe mace da namiji tun suna ƙanana, domin kifi ne da yakan shekara da yawa kafin ya balaga, ba wanda zai so ya ciyar da namiji tsawon wannan lokaci a banza. A Jami'ar Jihar Luwiziyana ta Amurka an yi aiki mai yawa wajen duba jakar ƙwan irin tasu tarwaɗar da wannan na'ura kafin a yi allura. A nan gida ma, masu bincike a Ilorin sun buga sakamakon duba tarwaɗarmu da sikanin a 2010. Gaskiya ita ce duba mace ya fi duba namiji sauƙi, domin marainan ƙanana ne kuma suna ɓuya a bayan hanji, sai ido ya goge. Amma ko da na'urar ta hana a kashe namiji ɗaya cikin biyu, ta biya kuɗin kanta a hankali. Har wa yau, masana sun nuna ana iya yi wa namijin fiɗa, a yanki wani sashe na marainan, a ɗinke shi, ya warke, abin da aka yanka kuma ya sake tofowa. Mai irin wannan aiki lalle zai so ya leƙa ciki kafin ya sake ɗaukar aska.

Mu koma ga hoton ƙashi, wanda ya girme su duka. Wilhelm Röntgen, Bajamushe, ya gano waɗannan haskoki masu ratsa jiki ran 8 ga Nuwamba 1895. Abin da yawancinmu ba mu ji ba a aji shi ne, shekara ba ta zagayo ba aka ɗauki kifi hoto da su. A 1896 wasu masana biyu a birnin Biyana, Josef Maria Eder da Eduard Valenta, suka fitar da kundin hotuna, ciki har da kwaɗi da maciji da kifaye, ƙayoyinsu a jere kamar haƙoran mataji. Watau kifi na cikin halittun farko da aka duba da wannan haske, tun kafin galibin asibitocin duniya su mallake shi.

Me mai kududdufi zai yi da hoton ƙashi? Duk wanda ya taɓa kwashe kududdufi ya san akwai waɗanda ke fitowa a lanƙwashe, baya ya karkace kamar lauje, ko wutsiya ta gajarce, ko kai ya tsage tsakanin ƙasusuwansa. Dillali yakan ware su gefe ya karya musu kuɗi. Sai a shiga zargi: mai kiwo ya ce irin da aka sayar masa ne maras kyau, mai iri ya ce abinci ne, mai abinci ya ce ruwa ne. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma kowa ɗora wa wani yake yi. Hoton ƙashi yana iya rage wannan gardama. In ƙasusuwan baya sun fito dishi-dishi, ba su yi fari sosai ba, haƙarƙari kuma sun yi laushi sun murɗe, alama ce ta ƙarancin fosforas a abinci. In gaɓoɓi biyu ko uku sun manne sun zama ɗaya, sai a waiwayi abin da ya faru tun kifin na ƙarami. Mutanen Norwe, waɗanda arzikinsu na biyu bayan man fetur shi ne kifi, ta wannan hanya suka yi maganin tasu matsalar. Sun ɗauki dubban kifin salmon hoto, suka gane cewa in aka ɗumama ruwan ƙyanƙyasa ya wuce digiri 8 don ƙwai ya yi saurin fashewa, nakasa takan yawaita, haka kuma in fosforas ya gaza sa'ad da kifin ke tsakiyar girma. Suka gyara ɗumin ruwa, suka gyara abinci.

Mu namu abin zargin na farko shi ne bitamin C. Tarwaɗa, kamar mutum, jikinta ba ya haɗa wannan sinadari, sai ta ci shi a abinci, kuma da shi ne jiki ke ƙera zaren da ke riƙe ƙashi da guringuntsi. Rashinsa na kawo karkacewar baya da tsagewar kai. Shi kuwa bitamin C, in ba irin wanda aka tsare musamman ba ne, zafi da daɗewa a ajiye suna kashe shi. Yanzu ku auna buhun abincin kifi da ya taso daga kudu bisa babbar mota, ya zo ya yi wata biyu a shagon kwano cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haye digiri 40. Rubutun da ke jikin buhu yana nan daram, amma abin da ke ciki fa? Tun da abinci ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo, mai kududdufi na da haƙƙin ya sani. Kifi goma da aka ɗauka hoto a wata na biyu za su nuna laushin ƙashi tun ido bai fara ganin karkacewa ba, tun ana iya sauya abinci.

Akwai kuma manyan na'urori biyu. Ta farko ita ce siti-sikan, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera a kamfanin EMI na Ingila, aka fara duba maras lafiya da ita a Landan a 1971. Ita haskokin Röntgen take harbawa ta kowace kusurwa, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da jiki yanka-yanka kamar an yanka burodi, ta kuma ba kowane abu lamba gwargwadon taurinsa: ruwa sifiri, iska 1,000 ƙasa da sifiri, kitse kamar 100 ƙasa da sifiri, tsoka 'yan gomomi sama da shi, ƙashi ɗaruruwa. Da wannan lissafi ake auna kitsen kifi yana raye. A Norwe sun fara haka tun shekarun 1980 don zaɓen iri, a Jami'ar Kaposvár ta Hangari kuma suka yi wa kifin kaf, irin wanda aka taɓa kawowa gonar kifi ta Panyam a Filato. Mai sayen tarwaɗa don banda ya san amfanin wannan, domin kifin da ya tara kitse a ciki nauyi ne a sikeli, amma a kan wuta narkewa yake yi. Ta biyu ita ce ta maganaɗisu, wadda ba ta amfani da haskokin Röntgen sam, ta kuma fi kowace nuna nama mai laushi kamar ƙwaƙwalwa da hanta. Tsadarta ta sa ba za mu daɗe a kanta ba.

Amma bari mu ɗan tsaya kan abin da siti-sikan ke nunawa a kan tarwaɗa, don abin mamaki ne. A bayan kunnuwanta na numfashi akwai wani kogo, cikinsa da wata tsoka ja mai rassa kamar ƙaramar bishiya, wadda ta tsiro daga baka na biyu da na huɗu na kunnuwan. Da ita take shaƙar iskar sarari. Shi ya sa take rayuwa a ruwan da zai kashe karfasa cikin dare ɗaya, shi ya sa ake iya cusa ɗaruruwa a ɗan kududdufi, shi ya sa kuma takan isa kasuwa da ranta. Duk sana'ar nan bisa wannan 'yar bishiya take tsaye. Jakar iskarta kuwa, wadda a karfasa babba ce, a tarwaɗa 'yar ƙarama ce, an rufe ta cikin kwanson ƙashi dab da kai, wasu 'yan ƙasusuwa sun haɗa ta da kunnen ciki suna kai masa motsin sauti. Ernst Heinrich Weber ya bayyana irin waɗannan ƙasusuwa tun 1820. Ɗalibin da ya nemi ganinsu da wuƙa yakan farfasa su kafin ya kai gare su, domin kan tarwaɗa kwalkwali ne. A kwamfuta kuwa sai ya juya kan yadda ya so, ya cire ƙashi ɗaya bayan ɗaya, gobe wani ya zo ya sake. Wani malami a Jami'ar Washintan, Adam Summers, ya ɗauki aniyar ɗaukar dukan jinsunan kifin duniya da ƙaramar siti-sikan, yana zuba hotunan a intanet kyauta ga mai so.

Yanzu ga amsar tambayar da muka fara da ita. Ba mu ce a ɗauki kifi a kai shi ɗakin hoton asibitin mutane ba. Na'urar da maras lafiya daga ƙauye ya sayar da akuyarsa don ya shiga, ba ta da sarari ga tarwaɗa, kuma duk wanda ya nemi haka mu ne farkon masu tsaya masa. Abin da muke nema ya fi wannan araha da yawa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana koyar da likitancin dabbobi, tana da asibitin koyarwa na dabbobi, tana koyar da ilmin kifi, tana kuma horar da masu ɗaukar hoton asibiti. Ilmin duka yana gari ɗaya. Ɗalibin hoto ya san na'ura bai san tarwaɗa ba, ɗalibin kifi ya san tarwaɗa bai taɓa riƙe na'ura ba, kuma kowannensu a shekarar ƙarshe yana neman abin da zai yi bincike a kai. Me zai hana a haɗa su bibbiyu?

Aikin farko shi ne sanin lafiyayye, domin wanda bai san yadda ƙashin lafiya yake ba, ba zai gane maras lafiya ba. Galibin hotunan da ke cikin littattafai na kifayen ƙasashen sanyi ne. A nan ne Shagari da Boɗinga suke da amfani tare. A sayi tarwaɗa daga hannun masuntan madatsar Shagari, wadda ta girma da abincin da ta farauta da kanta, a samo ta kududdufi mai girma ɗaya daga masu kiwo na kan wannan hanya, a jera su bisa faranti ɗaya a ɗauka. Mataccen kifi ba ya motsi, ba ya bukatar barci, kuma faranti guda zai ɗauki ƙanana goma. A ƙirga gaɓoɓin baya, a gwada farin ƙashi, a maimaita da bazara, da damina, da hunturu. A ƙara da ramboshi da karfasa da kurungu in hali ya yi. Cikin shekara biyu an sami kundin da malamin gona zai riƙe a hannu.

Wajibi ne mu yi gargaɗi a nan, domin mun san halin 'yan'uwanmu da zumuɗi. Haskokin Röntgen suna illa ga wanda ya yawaita shiga cikinsu, shi ya sa ake sa rigar dalma, ake gina ɗakin da bango mai kauri, kuma doka ta ce sai da lasisin hukumar tarayya mai kula da harkokin nukiliya ake mallakar irin wannan na'ura. Hoton ƙashi aikin asibitin dabbobi ne, kifi ne zai je wurinsa. Sikanin kuwa sauti ne kawai, ba ta da wannan haɗari, kuma yanzu akwai ƙanana masu batir da ake haɗawa da wayar hannu, waɗanda likitocin dabbobi ke duba tumaki da su. Ita ce za ta je bakin kududdufi. Mutum ɗaya ba zai iya sayenta ba, amma ƙungiyar masu kiwo za ta iya, ko kuwa sashen gona na ƙaramar hukuma ya saya ya damƙa wa malami guda da aka horar, ya riƙa zagayawa bisa babur, ana biyan ɗan abin da bai kai kuɗin namiji ɗaya ba. Ga 'yan'uwa ma'aikata da ke zaune a nan, waɗanda wasunku ne ke rubuta takardun kasafi, muna roƙo in an zo sayen kayan tallafi a tuna da wannan. Lokacin da ya fi dacewa a fara zagayen shi ne ƙarshen hunturu, daga Fabrairu zuwa Maris, sa'ad da ruwa ya fara ɗumi masu ƙyanƙyasa suke shirin allurar farko.

Shugaba, mun ga an ɗaga mana hannu lokaci ya cika.